FILIN ADO DA KWALLIYA: Zanen farce a ɗakinki, ba sai an je Sakkwato ba

 A wannan fitowar fira tamu ta nufi gabashin Sakkwato ne, ƙasar Gobir, wajen 'yan matan Sabon Birni da Isa, waɗanda tambayarsu ɗaya ce ko da yake kowacce da yadda ta yi ta: sun ga hannun jaruma a fim, an matso da kyamara lokacin waƙa, farce ya sha ado, to su ya za su yi nasu a gida? Tunda da Gobirawa nake magana, bari in ce akaifa, kada a ce Kananci ya yi mani yawa. Akaifa, ƙumba, farce, duk abu guda ne.

Tambayar ta tsaya mani a rai ne saboda halin da yankin yake ciki. A da, amarya ko ƙawayenta kan hau mota su tafi Sakkwato ko Shinkafi, wasu ma su tsallaka Maraɗi, don sayen kayan lalle ko neman gwanar zane. Tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin nan lissafi ya canja. Ba wanda ya manta da motar matafiya da aka ƙona a watan Disamba na 2021, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Iyakar Nijar kuma an rufe ta a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin can. Ni dai ban ga kwalliyar da ta kai a hau wannan hanya dominta ba. Abin da za ki buƙata, kusan duka yana cikin gidanku ko teburin mai kayan koli na bakin kasuwa.

Kafin komai, ki san cewa lalle a farce daban yake da lalle a fata. Na fata yakan koɗe cikin mako biyu zuwa uku, domin fatar sama tana saɓulewa a hankali. Na farce ba ya fita. Sinadarin da ke cikin ganyen yana kama jikin farcen ne ya zauna, sai dai farcen ya tsiro a yanke. Farcen hannu kuwa abin da yake ƙaruwa a wata kimanin milimita 3 ne, kenan sai ya ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ya sabunta gaba ɗaya. Na ƙafa ya fi nawa, yakan kai shekara ko ya wuce. Saboda haka duk layin da ya karkace, da shi za ki je bikin wannan watan, da shi za ki je sunan da zai biyo baya. Shi ya sa nake cewa mai koyo ta fara gwada hannunta a kan takarda ko bayan cokali, ta yi ta yi har hannun ya daina rawa.

Kayan aikin: abin yanke farce naki na kanki, magogin farce, ƙaramin almakashi, salatif, tsinken sakace, fil irin na ɗankwali, leda mai ɗan kauri, auduga, da man kaɗanya ko basilin. Na ce naki na kanki, kuma da gangan na faɗa. Ranar ƙunshin amarya za ki ga reza ɗaya ta zagaye 'yan mata goma. Ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi, kuma ƙwayarsa tana iya yin mako guda a busasshen jini a jikin ƙarfe tana da rai. Kuɗin sabuwar reza nawa ne? Haba.

To sai kwaɓi. Ki samu dakakken lalle mai kore shar, wanda bai kwana biyu a rana ba. Idan ya koma ruwan ƙasa ya gaji, ba zai kama ba. Ki tankaɗe shi da ƙyalle mai laushi, sau biyu, domin ɗan tsinke guda ya isa ya toshe maki bakin leda ana tsakiyar aiki. Ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, ki matsa lemun tsami, ki sa sukari kaɗan don ya manne kada ya yi saurin farfashewa. Kaurinsa ya zama kamar man goge baki. Ki rufe ki ajiye na wasu awoyi. Da zafin bazara irin na Gobir ba ya daɗewa yake tsima, da hunturu kuwa gara ya kwana. Yadda za ki gane ya yi: ɗiga kaɗan a tafin hannu, ki goge bayan minti 5, in ya bar ruwan lemo mai haske to ya nuna.

Farcen kuma ki wanke shi da sabulu ya bushe ƙarau. Maiƙo shi ne abokin gabar lalle. Basilin ɗin nan a fatar gefe za ki shafa shi da tsinke, don kada jan ya malala, amma kada ya taɓa farcen.

Zanen da ya fi sauƙi shi ne na salatif, kuma duk wadda ta taɓa ganin ƙunshin salatif a ƙafa ta riga ta san dabarar. Ki liƙa salatif a bayan faranti, ki tsaga shi siri-siri da reza, ki ɗauko ki jera a kan farce, ki danne sosai da tsinke musamman gefe-gefe, sannan ki shafe da lalle. In kin ɓare, inda salatif ya kwanta zai fito fari. Layi biyu a karkace sun isa. Wadda hannunta ya faɗa tana iya jera sirara guda uku su taso daga kusurwa ɗaya su baje, kamar tsagar Gobirci a kumatu. Taubasanku Yarbawa in sun gani sa samu abin tsokana. Akwai kuma na baki kawai, wato a rufe farcen duka a bar bakin, irin wanda ake cewa na Faransa in da fari aka yi shi. Wannan ya fi dacewa da mai tsoron kuskure, domin cikin wata guda ko biyu an yanke shi ya tafi.

Ɗigo-ɗigo irin na jikin zabuwa shi ma ba wuya. Ki naɗe leda kamar mazurari, ki zuba lalle, ki ɗaure, ki huda bakin da fil. Ko ki tsoma gindin tsinken sakace ki riƙa ɗorawa. Ɗigo biyar a zagaye da ɗaya a tsakiya, ga fure. Dagin Arewa kuwa, don Allah ki bar wa gwanaye tukuna, farce ba shi da faɗin da zai ɗauke shi a hannun mai koyo.

Ki bar shi ya sha iska, sannan ki naɗe yatsun da auduga da leda, awa 4 zuwa 6, ko ya kwana in kina son ja mai duhu. Da kin cire za ki ga kamar bai kama ba. Kada ki yi gaggawar maimaitawa, launin yana ƙara nuna cikin kwana biyu. In za ki yi hannu biyu ke kaɗai, fara da hannun da ba kya aiki da shi, washegari ki yi ɗayan, ko ki kira ƙanwarki.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, wato dayis. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi, iyakarsa ja zuwa ruwan makuba. Baƙin nan da ke kamawa cikin rabin awa rinin gashi ne, mai ɗauke da sinadarin da ake kira PPD, ana haɗa shi da haidurojin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a shafa shi a fata ba. Wata za ta yi sau biyar lafiya, a na shida hannu ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa daidai siffar zanen, wani lokaci sai bayan kwanaki. Kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi kenan, ko rinin gashi ta shafa daga baya zai tashi. Mai zama a ƙauyen da sai an yi tafiya kafin a kai asibitin Isa ko na Sabon Birni, ta yi wannan lissafin kafin ta miƙa hannu. Haka 'yan ledojin lalle na kanti masu kamawa nan take: wanda ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ni ba na ba da shawararsa.

Jarirai kuma a ƙyale su, ko da jan lalle ne. Akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake gada, likitoci suna ce masa G6PD, yana da yawa a ƙasar nan musamman ga yara maza, kuma lalle yana iya farfasa jinin jaririn da ke da shi. Ba a gane mai shi da ido.

Sai jan farce na kwalba, wanda shi ne yawanci kuke gani a hannun 'yan fim, tun zamanin kaset na Sangaya a 1999 har zuwa masu dogon zango na YouTube. Ku tuna jaruma aiki take yi, akwai mai kwalliya a lokeshan da zai goge mata in an tashi. Bambancinsa da lalle a wajenmu babba ne: lalle rini ne, ruwa yana ratsawa, shi kuwa jan farce rufi yake yi, ruwan alwala da na wanka ba sa kaiwa ga farcen. Don haka lokacinsa shi ne kwanakin da ba kya salla, kuma ki tanadi abin gogewa tun kafin ki shafa, kada ranar tsarki ta zo kina kankara da reza. Akwai wanda kamfanoni ke tallatawa wai ruwa na ratsa shi. Malamai da dama ba su gamsu ba, ki tambayi malaminku kafin ki dogara da rubutun jikin kwalba.

In za ki shafa, siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya, ki bari na farko ya bushe. Dabarun salatif da tsinke duka suna aiki a nan, sai dai a cire salatif tun na saman bai bushe ba. Abin gogewar yana kama wuta kamar fetur, ki nisanta shi da murhu da fitila. Farcen roba da ake mannawa da gam mai ƙarfi kuwa ban ga amfaninsa ga mai surfe da wanke-wanke da tuƙin tuwo ba. Ruwa yana maƙalewa a ƙarƙashi, farcen gaskiya ya yi kore ko ya ruɓe, ga dattin da yake tarawa, alhali da hannun nan ake dama wa yara fura, kuma ba mu manta da kwalarar 2021 ba. Gajeren farce mai tsabta ya fi ɗaukar zane, kuma dama sunna ba ta yarda a bar shi ya wuce kwana 40 ba a yanke ba.

Mai tsohon ciki, ke kuma ki bar yatsa ɗaya ko biyu ba komai. Ma'aikatan asibiti suna duba launin farce don gane ƙarancin jini, kuma 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini tana rikicewa da launi mai duhu.

Da hunturu, in iskar nan ta fara tsaga fata, ki riƙa murza man kaɗanya a gindin kowane farce kafin ki kwanta. Fatar da ke wurin kuma a tura ta baya a hankali bayan wanka, ba a yanke ta. A fitowa ta gaba insha Allahu za mu sauka ƙafa, mu yi maganar kaushi da faso kafin ƙunshin salla. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, a gaida mutan Gobir.