Ba Zata ko Ba Shiri?

Akwai kalmar da ta gundure ni a bakin 'yan uwanmu mazauna Dubai, ita ce "ba zata". Ka tambayi mutum, Malam ina labarin bashin nan da ka ce za ka rufe kafin azumi? Sai ya sunkuyar da kai ya ce wallahi wata hidima ce ta faɗo ba zata. Bara haka ya ce, bana ma haka. To ɗan uwa, abin da yake zuwa kowace shekara, a watan da ka sani, ai ya tashi daga ba zata, ya koma ba shiri.

Mu lissafa tare. Bizar aiki bayan shekara 2 ake sabunta ta, kuma in matarka da 'ya'yanka suna ƙarƙashinka, kuɗin bizarsu da inshorar lafiyarsu a wuyanka suke. Haya da cek ake biyan ta, kuma da hannunka ka rubuta ranar da za a kai kowanne banki. In ka sauya gida, akwai rajistar Ejari, ga ajiyar dirhami 2,000 ta DEWA. Kashi 5 cikin 100 na kuɗin hayarka ana karkasa shi cikin takardar wuta da ruwa kowane wata. Daga Yuni zuwa Satumba zafi ba ya barin kowa ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, kuɗin wuta dole ya hau. A gida kuma ga kayan azumi, ga ɗinkin Sallah, ga ragon layya, ga kuɗin makaranta a Satumba, ga katangar da duk damina sai ta zube. Wanne ne a ciki ya zo maka a ɓoye?

Na yarda akwai ba zata ta gaskiya: ciwo, rasuwa, kora daga aiki. Ranarsu ce ba ka sani ba. Amma mutumin da ke da tsofaffin iyaye a Katsina da ƙanne takwas a Funtuwa ya san cewa cikin wata 12 sai waya ta yi ƙara da tsakar dare.

Shi ya sa nake ja da masu cewa duk dirhamin da ya yi saura ka zuba shi a bashi, kada ka bar ko fili ɗaya. Shawarar tana da daɗin ji, amma ita ce ke mayar da mutane cikin ramin da suka fito. Ka yi wata 5 kana cin shinkafa da wake a ɗakin mutum shida a Deira, ka rage katin bashinka da dirhami 3,000. Ranar da aka kwantar da mahaifiyarka a asibiti, aljihunka babu komai, sai ka sake goga katin. Wahalar wata 5 ta tafi a yini ɗaya, zuciya ta karye, ka ce ai bashi hanji ne, ka saki jiki.

Masu lissafi za su ce ajiye kuɗi alhali kuɗin ruwa na hauhawa asara ce. Gaskiya ne, to mu ga girman asarar. Katunan bashi da yawa a nan suna ɗora wajen kashi 3 cikin 100 a wata. In ka ware dirhami 2,000 maimakon ka biya da su, ka yi asarar kusan 60 a wata. Wannan 60 ita ce kuɗin barcinka, ita ce ke hana ka zuwa wurin mai ba da bashi a bayan fage, wanda zai ce ka ajiye masa fasfo. Abin tsoro na gaske yana wani wurin: a ce ana bin ka 10,000, kana biyan mafi ƙarancin da banki ya yanka, wato 500. A cikinsu 300 kuɗin ruwa ne, 200 kacal suka taɓa uwar kuɗi. Wanda ba shi da ajiya, duk hidimar da ta taso a nan take barin sa.

Kuma kada ka ɗauka bashin Dubai irin na Kantin Kwari ne, inda dattijon layi zai sa baki a ɗaga maka ƙafa zuwa bayan Sallah. Tun 2 ga Janairu 2022 cek ɗin da ya dawo don rashin kuɗi ya daina zama laifin ɗauri a yawancin lokuta, amma mai riƙe da shi yana iya wucewa kai tsaye wurin alƙalin zartarwa. Hukumar Al Etihad Credit Bureau tana rubuta duk biyan da ka makara, bankuna suna dubawa. Bashin da ya kai dirhami 10,000, mai shi na iya neman kotu ta hana ka fita ƙasar. In biza ta mutu kana zaune, tarar dirhami 50 ce kullum. Ka ga mutum yana da uba a kwance a Zariya, ba halin zuwa gaishe shi.

Wani zai ce ajiya ƙarancin tawakkali ne, Allah ne mai rufin asiri. Haba Malam. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shekara 7 ya sa aka tara hatsi saboda fari mai zuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Addinin da ya ce ka rubuta, ka sa shaidu, bai ce ka rayu da ka ba.

Ku kuma na gida, iyaye da yayye da ƙanne, da ku nake. Tun da aka saki naira a Yuni 2023, dirhami ɗaya ya tashi daga naira ɗari da 'yan kai, a 2024 ya haura 400. Sai kuka riƙa ninka albashin yaronku da 400, kuka ga miloniya. Shi fa ba da naira yake biyan haya ba. Wani a Sharja yake kwana saboda gidan Dubai ya fi ƙarfinsa, tun asuba yana cikin cunkoso. Kuɗin anko da ya turo, wataƙila da kati ya ciro su, yana biyan ruwa a kansu har bayan amarya ta haihu. Ku bambance ciwo da biki. Wanda ya kira don magani yana da haƙƙi. Wanda ya kira don sauya waya, ya ji tsoron Allah.

Amma kai ma mazaunin Dubai kana da naka kason. Kai ka ɗora hoto a gindin Burj Khalifa, kai ka ɓoye wa matarka yawan abin da ake bin ka, don kada a ce ka gaza. Kunyar nan tsada gare ta. Faɗa wa gida adadi ɗaya: ga abin da zan iya turowa kowane wata har zuwa lokaci kaza, saboda ina biyan bashi. Za a yi fushi na mako biyu, daga baya a saba.

Sauran kuma aiki ne na takarda da biro. Rubuta duk hidimar da ka san tana zuwa cikin shekara, ka raba gida 12, ka riƙa cire wannan kason ranar da albashi ya shigo. Tara 2,000 ko 3,000 na ko-ta-kwana a asusun da ba shi da kati a aljihunka, sannan ka fuskanci bashin da ruwansa ya fi yawa. In ka taɓa ajiyar, ka cike ta kafin ka ci gaba. Kada ka yi wasa da inshorar rasa aiki da aka fara a Janairu 2023: dirhami 5 a wata ga mai tushen albashi har 16,000, tana biyan kashi 60 cikin 100 na tsawon wata 3, muddin ka cika shekara kana biya. In ka hango ba za ka iya biyan wata mai zuwa ba, je banki tun kafin su kira ka. In ruwa ya kai wuya, akwai doka mai lamba 19 ta 2019 da ta ba ɗaiɗaikun mutane damar neman kotu ta tsara musu biya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da daddare, bayan isha'i, ka zauna da matarka ko ka kira ta, ku buɗe takarda, ku fara da watan da cek ɗin haya na gaba zai shiga banki.