Damana ta sauka: mu yi hankali da moto

Ƴan uwa manoma, daga watan Yuni zuwa Satumba muna cikin aiki. Kowa na sauri ya kai gona, ya kai kasuwa, ya koma gida. Yau moto ya zama jakin talaka. Amma a ganinmu, saurin damana ya fi kowane sauri tsada. Manomin da ya karya ƙafa a watan Yuli, ƙashinsa ba zai haɗe ba sai bayan makonni 6 ko fiye. Kafin nan haki ya cinye gero. Wa zai ci da iyalinsa?

Mu san inda haɗarin yake. A kan gudron, kamar babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, ruwan farko ya fi santsi. Dalili shi ne yana haɗuwa da ƙura da baƙin man da motoci suka zubar tun rani. A hanyar karkara kuwa, jar ƙasa da laka suna zama kamar sabulu. Ruwan da ya kwanta yana ɓoye rami.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu duba taya. Idan zanenta ya shafe, ba ta kama ƙasa. Mu sake ta.
2. Mu rage gudu, mu bar tazara. A jiƙaƙƙiyar hanya moto ba ya tsayawa da wuri.
3. Mu kama burkin gaba da na baya tare, sannu a hankali, kafin mu shiga kwana.
4. Mu kunna fitila ko da rana.
5. Kada mu haɗa buhun taki, uwargida da yara a kan moto guda.
6. Kada mu ratsa korama tana gudu. Ruwan da ya kai gwiwa yana iya tafiya da mutum da motonsa.

Sai maganar kaske. Wasu na cewa yana da zafi, yana da tsada. Gaskiya ne. To amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kaske mai kyau, in an ɗaure igiyarsa, yana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. Kuɗinsa bai kai na jinya a gidan likita ba.

Wasu kuma na cewa kome ƙaddara ce. Mun yarda. Amma ai ba mu barin gona ba noma mu ce ƙaddara za ta cika rumbu.

Idan muka hau kabu-kabu, muna da ikon ce wa mai tuƙi ya rage gudu, ko mu sauka. Idan hadari ya taso, mu fake cikin gari, ba ƙarƙashin icce ba, saboda tsawa. Jiran awa guda ya fi kwanciyar wata biyu.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kai mu kaka lafiya.