Makiyayar Jama'a: Abin Lura Daga Wani Ƙauyen Kan Dutse

Duk inda manoma suka zauna aka ta da zancen hurumin gari, maganar ɗaya ce. Sai a ji ana cewa abin da ya ke na jama'a ba shi da mai shi, kowa ya ci rabonsa ya wuce, in makiyaya ta zama faƙo kuwa ba laifin kowa ba ne. Waɗansu har su kan ce magani shi ne a yanka ta gonaki a raba, kowa ya san nasa. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba daidai ba ce. Akwai wani ƙauye a ƙasar Turai wanda labarinsa ya isa shaida.

Sunan ƙauyen Törbel. Yana cikin ƙasar Suwizalan, a lardin Wallis, cikin duwatsun nan masu tsawo da a ke kira Alps. An gina shi a jikin gangaren dutse, bisa kwarin kogin Vispa, wajen ƙafa 5,000 daga leɓen teku, watau ya fi Jos tudu. Ƙasarsa duka ba ta kai mil 7 murabba'i ba. Daga gindin kwarin zuwa ƙwanƙolin dutse kuwa hawa ne tsantsa, wurin da ya ke shimfiɗe kaɗan ne ƙwarai. Da hunturu ƙanƙara ta kan rufe ƙasa, ciyawa ba ta tsiro, dabba ba ta kiwo a waje kusan rabin shekara.

Abin da zai ba manomin ƙasar Hausa mamaki shi ne wurin yana da ƙarancin ruwan sama. Duwatsu sun kewaye shi, suna tare hadari. A Stalden, garin da ke ƙarƙashinsa, ruwan shekara wajen inci 21 ne ko 22, alhali Kano ta kan sami fiye da inci 30 a shekarar kirki. Sabo da haka tun zamanin kakanninsu suka haƙa lambatu mai tsawon mil da yawa a jikin dutse, suna jawo ruwan ƙanƙarar da ta narke, suna ban ruwa ga filayen ciyawarsu. Kowane gida yana da lokacinsa na ruwa, in sa'arsa ta cika sai ya toshe, na gaba ya buɗe.

Mutanen ƙauyen Jamusanci su ke yi. Ba su taɓa yawa ba. Wajen shekarar 1950 sun kusa 700, yanzu kuwa wajen 500 ne. A dā abincinsu daga ƙasarsu ya ke fitowa. Can ƙasa inda ya fi ɗumi suna da gonakin inabi. Kusa da gari suna shuka wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi, wanda su ke yin gurasa da shi, da kayan lambu, da dankalin Turawa. Shi dankalin nan sai a ƙarni na 18 ya shigo musu, da ya shigo kuwa abinci ya ƙaru, jama'a ta ƙaru. Sama da gari akwai filayen da a ke yanka ciyawa a shanya ta zama ingirici. Sama da su akwai kurmin itatuwa. Can bisa duka, wajen ƙafa 6,700, akwai makiyayar da su ke kira Moosalp, inda a ke kai shanu su yi wajen wata 3 lokacin zafi.

To, ga inda hikimar ta ke. Gonar hatsi da ta inabi da lambu da filin ingirici, kowa da nasa, ana gado, ana sayarwa, ana rubutawa. Takardun ƙasarsu sun kai har shekarar 1224. Amma makiyayar bisa dutse da kurmi da lambatu da hanyoyi na jama'ar gari ne. Ba don ba su san amfanin mallaka ba ne suka bar su haka. Sun lura cewa ƙasar da ke ba da amfani mai yawa a ɗan ƙaramin wuri, in an zuba mata taki da gumi, ita ce ta cancanci mai ita ɗaya. Wadda amfaninta kaɗan ne kuwa, bana ciyawa ta yi kyau nan, baɗi ta yi kyau can, in an yanka ta guntu-guntu kowa zai yi hasara. Gara garke ɗaya da makiyayi ɗaya da su yi ta zagawa inda ciyawa ta ke.

Ran 1 ga watan Fabrairu na shekarar 1483, zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, mutanen Törbel suka taru suka rubuta yarjejeniya a kan makiyaya da kurmi. A ciki suka ce baƙon da ya sayi gona a garin bai sayi iznin kiwo a makiyayar jama'a ba. A 1517 suka ƙara wata doka, wadda ita ce gishirin zancen: ba wanda zai kai shanu bisa dutse fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da hunturu. Watau mai ingiricin saniya 3 ba ya kai 5. Ba a yarda mutum ya sayi shanu da bazara, ya ƙiba su da ciyawar jama'a, ya sayar da kaka ba. Wanda ya karya doka a ci shi tara mai zafi, mai tsaron doka kuwa ya ɗauki rabin tarar ladan aikinsa, don kada ya yi barci.

Ƙidaya ba ta da wuya gare su, domin cukun da a ke yi da nonon garke a bisa dutse, a kan raba shi gwargwadon shanun kowane gida. Wanda ya ɓoye saniya ya ɓoye rabonsa. Kowace shekara masu shanu su kan taru su ɗauki makiyaya da masu yin cuku, su shirya watsa taki a makiyaya, su gyara hanya da shinge da bukkokin da ƙanƙara ta rushe, mai shanu da yawa ya yi aiki da yawa. Itace ma haka. Ba mai shiga kurmi da gatari yadda ya ga dama. Shugabannin gari su ke sa wa itatuwan da za a sare alama, a raba su da ƙuri'a. Sun san in kurmi ya ƙare, ƙanƙara da duwatsu za su gangaro kan gidajensu.

Wanda ya bayyana wa duniya labarin nan wani masani ne Ba'amurke, Robert Netting. Ba baƙon ƙasar nan ba ne. A farkon shekarun 1960 ya zauna cikin mutanen Kofyar na duwatsun Filato, wajen Shendam, ya ga yadda su ke gina matakala a jikin dutse, suna ɗaure awaki a gida suna tara taki, suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta gaji ba. Daga baya ya tafi Törbel a 1970, ya fitar da littafinsa a kansu a 1981. A 1968 wani masani, Garrett Hardin, ya riga ya yi rubutu cewa makiyayar jama'a tilas ta lalace, domin kowa zai yi ta ƙara dabba, riba tasa, hasara ta kowa. Sai wata malama, Elinor Ostrom, ta kawo Törbel da waɗansu wurare irinsa a littafinta na 1990, ta nuna ba tilas ba ne. A 2009 aka ba ta lambar Nobel ta ilmin tattalin arziki, ita ce mace ta farko da ta samu.

Abin da labarin nan ke koyarwa a fili ya ke. Zama na jama'a ba ya kashe makiyaya. Abin da ke kashe ta rashin abu huɗu ne: iyaka sananniya, da sanin waɗanda ke da hakki, da ƙidayar dabba gwargwadon ciyawa, da tarar da a ke ci da gaske. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A jihar Arewa an yi dokar keɓe makiyayai tun 1965, amma wurare da yawa gonaki sun cinye hurumi da burtali. Dokar da aka rubuta a birni ba ta tsare ciyawa in mutanen da ke kwana kusa da ita ba su da hannu a ciki. Ta Törbel ta daɗe domin waɗanda ta ke ci su ne suka yi ta, su ne kuma su ke gyara ta.

Hunturunsu shi ne ranin ƙasar Hausa. Tambayar da suka yi wa kansu a 1517 ta cancanci kowane mai dabba ya yi wa kansa da kaka: harawa nawa aka ɗaure, kara nawa aka tara, dusa da ƙowa nawa ke cikin rumbu, dabba nawa za su kai ga saukar ruwa? Mutumin da ya riƙe tumaki 10 da abincin 6, da bazara zai sayar da ƙashi da fata, ɗan kasuwa ya yi masa tayin wulaƙanci. Da ya sayar da 4 tun suna da ƙiba, da ya sami kuɗi, sauran kuma sun tsira.

Amma kada a ɗauka za a kwaso dokarsu dukanta a dasa nan. Su makiyayarsu da gidajensu a dutse ɗaya su ke, tafiyar yini ba ta raba su, shi ya sa suka iya rufe wa baƙo ƙofa. A ƙasar nan ruwa da ciyawa suna bin damina, tilas garke ya yi tafiyar mil ɗaruruwa. Bafillacen da ya sauka a saura da rani ya bar taki ba ɓarawon ciyawa ba ne, abokin ciniki ne tun kaka da kakanni. In aka rufe masa hanya, gona ta rasa taki, kasuwa ta rasa nono da nama, faɗa kuma ya tashi. Sabo da haka yarjejeniyar da za ta yi amfani nan ita ce wadda dagaci da Sarkin Noma da arɗo za su zauna tare su yi, a auna burtali a kafa masa alama, a sa ranar da za a saki gonaki bayan an kwashe amfani, a faɗi tarar ɓarna da ta cin iyaka, akawu ya rubuta, kowa ya riƙe kwafi.

Akwai kuma wata gaskiyar da ba ta da daɗi. Doka ta tsare wa Törbel ciyawa da itace, amma ba ta sa dutse ya ciyar da kowa ba. A dā su kan jinkirta aure, waɗansu ba su yi sam, waɗansu su fita neman abinci wata ƙasa, domin gado a kan raba shi daidai tsakanin 'ya'ya, gonaki suna ta ƙanƙancewa. Yanzu da yawansu aikin albashi su ke yi a kwari, musamman a masana'antar Lonza ta garin Visp, su yi kiwon shanu da tumakinsu masu baƙin hanci da maraice da ranar hutu. Gwamnatin Suwizalan tana biyan manoman kan dutse kuɗin taimako, baƙi masu yawon shan iska kuma suna kawo ciniki. Manomin ƙasar nan ba shi da wannan gata, don haka shi ya fi su bukatar tsare abin da ke hannunsa.

Garin da ke da sauran hurumi, lokacin zama a kansa shi ne yanzu, tun garma ba ta shiga ba, domin rigakafi ya fi magani. Mutanen Törbel ba su jira wani ya zo daga birni ya auna musu ba, fiye da shekara 500 ke nan kuwa shanunsu suna hawa dutse ɗaya suna samun ciyawa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya, amin.