Su Canza Saiti, Mu Biya Kuɗin Gyara?

Kamfanin wayar da ya taɓa saitin layinsa bai sanar da masu biyansa ba ya ci amana, kuma ina faɗa da babbar murya. Daga Tasawa har Mayahi, intanet ɗin gida a wurin yawancinmu ɗan akwati ne mai cin SIM, ko tsohuwar salula mai raba wifi. Kwatsam sai ka ga reso cike, forfe bai ƙare ba, amma ko saƙon WhatsApp ba ya fita. Uba ya hau yara da faɗa, wai su suka lalata. Malami ya ɗauki akwati ya kai wa mai gyara, jika biyu ta tafi a kan abin da lafiyarsa ƙalau.

Sau da yawa ciwon yana cikin abin da ake kira APN, wato sunan ƙofar da SIM ke bi ya shiga intanet. Idan kamfani ya sake sunan ƙofar, sabuwar waya takan karɓi sabon da kanta, akwati kuwa ya tsaya yana ƙwanƙwasa tsohuwar. Don haka kafin ku kashe ko dala, ku cire SIM ɗin ku sa a wata waya. In ya yi aiki can, ku kira kamfanin ku karɓi sabon APN, ku rubuta shi cikin saitin akwatin, ku kashe ku kunna. Aikin minti biyar ne.

To me zai hana a gaya mana tun farko? Saƙon talla kullum yana iso mu, har da dare. Sanarwa kuwa, in ma ta zo, layi biyu ce da Faransanci, alhali tun watan Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ga gidajen rediyo na karkara da kowa ke saurare. Malamin da ke Kanembakashe ko Korgom, mai jiran takardun gwajin BEPC ta WhatsApp, shi zai bar aji ya nufi Maraɗi neman bayani? Daga Tasawa kawai tafiyar ta fi kilomita 100.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kwanakin forfe suna ta tafiya layi na mace. Hukumar ARCEP ce ke sa ido kan kamfanonin nan. Ƙungiyoyin iyayen ɗalibai da na malamai su rubuta mata da buƙata biyu: a riƙa sanarwa da Hausa mako guda kafin a taɓa saiti, kuma a mayar wa kowa kwanakin da ya biya bai mora ba.