Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Zumuntar Mata

Iyayenmu mata,

 Kun cika mana gida ranar jana'izar Kaka, da ankonku da tulunan kiɗanku, Allah ya saka muku.

Kun san ta. Ta koyar a firamare har ta yi ritaya, ajin makarantar Lahadi kuwa ba ta sake shi ba sai da ƙafa ta gaza. Jakarta ba ta rabo da guntun alli da Littafi Mai Tsarki wanda ta ɗaure bangonsa da roba. Yaron da bai iya karatu ba, tsakar gidanta yake yini har ya iya.

Sankarar mama ce ta ɗauke ta. Ta daɗe da jin ƙullutun, ta yi shiru, tana shafa man zaitun tana addu'a, don kunya. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon ya riga ya bazu.

Maganarku mata ke ji, fiye da ta rediyo. Ina roƙonku, a taronku na mako ku ba ma'aikaciyar jinya dama ta nuna yadda mace ke duba mamanta. Ku faɗa daga bakinku cewa zuwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ai Luka ma likita ne. Ga kuma wata sankarar da ke kama mata: tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, mai kare su daga sankarar bakin mahaifa. Ku tambayi kowace uwa ko an yi wa 'yarta.

Taku cikin Ubangiji,
Jikar marigayiya