Jirgin ƙasan Maraɗi: wa zai kai mu tasha?

Duk ranar da aka saki sabon hoton aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, sai shafuka su cika da tafi. Wasu har haɗa shi suke da bidiyon jiragen dare na Turai, inda mutum ke kwanciya a Ostiriya ya farka a Jamus, su rubuta a ƙasa: "Mu ma mun kusa." To ni dai daga nan Korahan ban ga abin tafi ba tukuna. Shimfiɗa ƙarfe daban, tsara tafiya daban, kuma na biyun ne ba wanda ke zancensa.

Mu ɗauka an gama aikin gobe, ɗan Korahan yana son zuwa Legas. Sai ya fara neman abin da zai kai shi Dakwaro. Daga Dakwaro zuwa Maraɗi tafiyar sama da kilomita 100 ce, kuma kun san motar tasha: ba ta san agogo ba, sai ta cika. Jirgi kuwa ba ya jiran kowa. In ka yi sa'a ka same shi, ga kilomita 284 ta Jibiya, Katsina, Daura da Kazaure har Kano. A Kano sai sauka, domin sabon layin faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon layin Legas da ya iso Kano a 1911 kuwa 1,067. Lokacin da aka farfaɗo da shi a 2012, sama da awa 30 yake yi a hanya. Sabon layin kudu har yanzu gutsure-gutsure ne: Legas zuwa Ibadan, Abuja zuwa Kaduna. To in jirgin Maraɗi ya makara, na Kano ya tashi ya bar ka, wa zai maida maka kuɗinka? Ina za ka kwana, kai da iyali da kaya? Jirgin Turai da kuke yaɗawa ba gadon kwana ne ya sa yake aiki ba. Jadawali ne da ake bugawa tun da watanni, da tikitin da mutum zai saye tun yana gida.

Za a ce mini: "Haba malam, a bari a gama mana!" Haka aka ce mana a Dosso. A watan Janairun 2016 shugaba Issoufou Mahamadou ya ƙaddamar da layin Yamai zuwa Dosso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, kusan kilomita 140. An yi kiɗa, an ɗauki hoto. Ku nuno mini mutum guda da yau yake sayen tikiti ya shiga. Layin bai haɗu da na Parakou a Benin ba, rigimar kotu ta tsaida sauran aikin, ƙarfe yana nan kwance rairayi na cin shi. Kuma faɗinsa mita ɗaya ne, ke nan ko da an ja shi har Maraɗi, jirginsa ba zai iya wucewa Kano ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya dole ya tsaya ya duba.

Sai babbar matsalar, iyaka. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris na 2024. Ƴan Dakwaro ba sai an ba su labari ba, sun ga yadda kuɗin rago da buhun wake ya koma. Yanzu kuma Nijar ta fita daga CEDEAO tun Janairun 2025. Da wace takarda fasinja zai ƙetare? Ƴan duwan za su shiga jirgi su duba, ko za a zube mutane a Ɗan Isa cikin dare a yi ta kwance kaya? Tikitin da sefa ko da naira? Kuma duk mai zancen tafiyar dare ta yankin Jibiya ya tuna harin 28 ga Maris 2022 kan jirgin Abuja zuwa Kaduna.

Mu daina ruɗin kanmu. Da shugaba Buhari ya aza harsashin aikin a Fabrairun 2021, aikin kusan dala biliyan 2 da aka ba Mota-Engil, hujjar da aka fi bayarwa ita ce jawo kayan Nijar su riƙa bi ta tashoshin ruwan Legas. Kwantena ake wa shimfiɗa. Ba laifi ba ne, amma in mun yi shiru, ɗan Korahan zai tsaya bakin dogo yana ƙirga taragon kaya, sannan ya koma ya hau motar da ya saba.

Saboda haka ƴan'uwa matasa, kafin wani hoton ya fito, tambaya za mu kai wa hukumomin jihar Maraɗi da ma'aikatar sufuri a Yamai, kuma a rubuce muke son amsa: akwai yarjejeniyar jigilar fasinja tsakanin ƙasashen biyu ko babu? Taragon mutane nawa ne a cikin tsarin? Kuma wace mota ce za ta tashi daga Dakwaro a kan lokaci don ta riski jirgin?