Tubabben ɗan daba a bakin teku: gardama kan Like a Dragon: Infinite Wealth

Ƴan uwa ɗalibai, in aka ambaci wasan bidiyo na ƴan daba, mutane kashi biyu suke rabuwa. Manya su ce yana koya wa yara kisa. Samarin fada kuma su ce ai wasa ne, a bar mu mu huta. Dukansu sun guje wa aiki, don ba wanda ya tsaya ya tambayi wasan mi yake faɗi. Ni zan ɗauki guda in tambaye shi: Like a Dragon: Infinite Wealth, wanda kamfanin Sega na Japan ya fitar ranar 26 ga Janairu 2024, ci gaban Yakuza: Like a Dragon na 2020. Hukuncina ga shi tun da fari: wasan ga ya ɗauko tambaya mai nauyi, da ta yi masa nauyi sai ya aje ta ya tafi wanka a teku. Wanda bai gama shi ba ya yi haƙuri, zan tona ƙarshen labari.

Ga tambayar: in ɗan daba ya tuba, wa zai karɓe shi? Jarumin, Kasuga Ichiban, ya yi shekara 18 a gidan kaso kan kisan da bai yi ba, don ya rufa wa ubangidansa asiri. A farkon wasan, manyan ƙungiyoyin yakuza biyu, Tojo da Omi, sun riga sun watse, shi kuma yana aiki a ofishin samar da aikin yi a Yokohama, yana nema wa tsofaffin ƴan daba sana'a. Wannan matsala da gaske take a Japan. Tun 2011 dokokin ƙaurace wa yakuza suka game dukan jihohin ƙasar, kuma ko mutum ya fita daga ƙungiya, sai ya yi shekara 5 kafin banki ya yarda ya buɗe masa asusu ko mai gida ya ba shi haya. To ka ce mutum ya bar sata, ka kuma hana shi wurin kwana, ina kake so ya nufa? Ana cikin haka wata tashar intanet mai fuskar zane ta yi wa Ichiban ƙazafi, aka kore shi daga aiki, mutanen da ya samar wa abin yi su ma aka sallame su.

Awoyin nan na farko sun isa a yaba. Duk wanda ya ga fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, na 2021, ya san ba sai an je Yokohama ba kafin a ga matashin da ya aje wuƙa amma sunan unguwarsa ya ƙi sakin shi. Samarin palais na Kara-Kara sun san ciwon. Don haka mai cewa wasan yana koyar da ta'asa bai kalle shi ba. Mutumin da kake tuƙawa yana bin ƙofa ƙofa ne yana roƙo a ɗauki tubabbu aiki.

Faɗan ma an gyara shi, gaskiya. A na 2020, bi da bi ake yi, kana tsaye sai ka zaɓi bugu, wasan ne ke jan mutanenka inda ya ga dama. Yanzu an ba ka da'ira ka matsa a ciki, ka zagaya bayan abokin gaba, ka ɗauki keke ko kujera, ka tunkuɗa shi ya faɗa kan ƴan uwansa. Dabara ta shigo. Sannan ga Kiryu Kazuma, gwarzon jerin tun 2005, ya dawo da furfura da ciwon daji, yana bin tsofaffin wurare yana sallama da duniya. Ba kasafai wasa ke barin gwarzonsa ya rame a gabanka ba.

To ina matsalar? Hawai. Ichiban ya tafi Honolulu neman mahaifiyarsa Akane, kuma daga nan wasan ya zama kasuwar Kantin Kwari. Ga tsibirin Dondoko inda za ka share awoyi kana kwashe shara kana ƙera kujeru don baƙi. Ga kai abinci a kan keke. Ga Sujimon, kwaikwayon Pokémon, inda kake tara ƴan iskan titi kana haɗa su faɗa kamar zakaru. Ku duba da kyau: wasan da ya buɗe da cewa wanda al'umma ta yar mutum ne, shi ne kuma ya mai da irin mutanen ga abin tarawa a aljihu. Za a ce mini ai ba dole ba ne, in ba ka so ka wuce. Ƙarya ne rabi, don labarin da kansa yake tsai da kai ya koya maka su, alhali ana farautar uwar jarumi. Wa ke neman uwarsa yana tsayawa gyaran masaukin baƙi?

Abin da ya fi ƙona mini rai, a matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, shi ne yadda aka yi da harshe. A Japan wasan yana da kunne. Tsarin yakuza kansa da kalmomin zumunta aka gina shi: oyabun mai matsayin uba, kobun mai matsayin ɗa, aniki babban wa. Bahaushe bai buƙatar a fassara masa wannan, ya san ubangida da yaronsa, ya san abin da ke cikin kiran mutum "yaya" alhali ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Amma da aka sauka Honolulu sai kunnen ya toshe. An nuna mana Ichiban bai jin Ingilishi, har ya shiga hannun ƴan sanda bai iya kare kansa. Nan ne labari yake! Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'aikaci ana yi masa Faransancin da bai kama ba, ya san harshe iko ne. Sai ga shi bayan ɗan lokaci kusan duk wani mai muhimmanci a garin yana zuba Japananci, mai taksi, ɗan daba, malamin addini. Matsalar ta ɓace don ta takura wa marubuta.

Harshen ƴan asalin Hawai kuwa, an mai da shi ado. Masarautarsu an kifar da ita a 1893, a 1896 aka ɗora Ingilishi a matsayin harshen koyarwa, sai 1978 harshensu ya koma na hukuma. Mi wasan ya ɗauka daga wannan tarihi? "Aloha", da maɓallin da kake dannawa ka ɗaga wa masu wucewa hannu ka tara abokai. Mu da aka raina harsunanmu a lakkwal, bai kamata mu tafa wa wannan ba.

Haka aka ɓarnatar da makircin mugaye. Ebina, na ƙungiyar Seiryu, yana shirin kwashe tsofaffin yakuza zuwa wani tsibiri su yi aikin sharar nukiliya, tare da Bryce, shugaban ƙungiyar addini ta Palekana. Mutanen da ba a so, a tura su ga sharar da ba a so. Ɗan Nijar da ya san tulin da aka bari a Akokan bayan rufe ma'adinin Cominak a 2021 ba zai ɗauki wannan almara ba. Amma Bryce ya ƙare mugun fim ne kawai, ba ka san mi ke cikin ransa ba, kuma kafin ka kai gare shi sai ka yi ta maimaita faɗa a ramuka masu kama da juna don ƙarfinka ya isa.

Sai batun kuɗi. Wasan ya fito a dalar Amurka 70, wajen jika 42 na sefa, daidai da mafi ƙarancin albashin wata a Nijar. Kuma damar sake buga labarin da ƙarfin da ka tara, wadda take kyauta a yawancin wasannin jerin na baya, Sega ta kulle ta sai ka ƙara biya. Labarin talakawa, farashin masu hali.

Ƙarshen ya nuna abin da aka yi asara. Kiryu yana kuka yana roƙon Ebina gafara a madadin yakuza duka. Ichiban ya goya Eiji, abokin da ya ci amanarsa, ya ratsa taron masu jifa ya kai shi ya miƙa kansa ga hukuma. Marubutan sun iya, sun dai zaɓi su binne iyawar ƙarƙashin awoyin shiririta don wasa ya yi tsawo a saya.

Saboda haka ku buga shi in kun samu, amma kada ku karɓe shi da hannu biyu. In an zauna shayi, a bar gardamar wa ya fi ƙarfi tsakanin Kiryu da Ichiban. A tambayi wane mai gareji ko mai shago a unguwarmu zai ɗauki yaron da ya fito daga kaso jiya, kuma in ya ɗauke shi, mu za mu kai masa aiki?